Ɗan ruwa biyu, wa ke zaɓa masa ɓangare?

Jama'a wannan gardamar da ake ta yi kan 'yan ruwa biyu, wai don me wanda uwarsa Baturiya ce zai tashi ya ce shi baƙar fata ne, ni dai a ganina muna auna mutanen Amurka da mudun gidanmu ne. Mu a nan ɗa na uba ne, ko daga ina aka auro uwarka in dai babanka Bakano ne to kai Bakano ne, magana ta ƙare. Can kuwa ba haka abin ya taso ba sam.

Tun 1662 Virginia, wadda yau jiha ce a Amurka, ta yi doka cewa ɗan da baiwa ta haifa bawa ne, ko da kuwa maigidan da ya mallake ta ne ubansa. A 1924 suka ƙara wata, in dai akwai ɗigon jinin baƙi a jikinka to kai ba fari ba ne, kuma auren fari da baƙi laifi ne a jihohi da dama har sai da kotun ƙoli ta soke abin a 1967. Kai, ko a takardar ƙidaya sai a 2000 aka fara barin mutum ya zaɓi launi fiye da ɗaya. To ina zaɓin yake a nan don Allah?

Ku dubi Obama. Babansa ɗan Luo ne daga Kenya, ya tafi ya bar shi yana ƙarami, uwarsa 'yar Kansas da kakanninsa farare su suka raine shi, amma da ƙidayar 2010 ta zo baƙi kawai ya cike. Wasu suka ce ya yi wa uwarsa butulci. Haba! Mutumin da in ya fito titi da dare ɗan sanda ba zai tambaye shi wace ce uwarsa ba, fuskarsa kawai zai kalla, kuma a cikin baƙaƙen Chicago ya yi aiki ya yi aure ya haifi 'ya'ya, me kuke so ya rubuta?

Abin da ke ba ni haushi shi ne ko ta ina ka ɓullo sai an tare ka. Tiger Woods, shahararren ɗan wasan golf, a 1997 ya ce shi fa ba baƙi zalla ba ne tunda uwarsa 'yar Thailand ce, nan take baƙaƙe da yawa suka yi masa ca wai yana gudun asalinsa. Kamala Harris kuma, tsohuwar mataimakiyar shugaban Amurka, uwa 'yar Indiya uba ɗan Jamaika, jami'ar Howard ta baƙaƙe ta yi tun tana budurwa, amma a 2024 Trump ya ce wai kwatsam ta rikiɗe ta koma baƙa.

Kuma kar a ɗauka ma'aunin iri ɗaya ne ko'ina. A Afirka ta Kudu zamanin wariya rukuni na daban aka ware wa 'yan ruwa biyu, har fensir ake soka wa mutum a gashi, in ya maƙale an san inda za a jefa shi. Mu ma namu ba ya aiki kullum, Jerry Rawlings babansa ɗan Scotland ne, amma wa ya taɓa kallonsa a matsayin Bature ya mulki Ghana? Ɗan ƙabilar Ewe ta Ghana ne wajen uwa, a haka kowa ya san shi.

Shi ya sa ni ba na ganin laifin wanda ya ce shi baƙi ne, ba na ganin laifin wanda ya ce duka biyun nasa ne, shi ya san wa ya goya shi kuma shi ya san irin kallon da ake masa in ya shiga kanti. A ƙidayar 2020 ma sama da mutum miliyan 33 a Amurka sun cike launi fiye da ɗaya, daga miliyan 9 a 2010, duk da dai an sauya yadda ake tambayar da yadda ake ƙirga amsar, wannan ma ya taimaka wajen kumburar adadin. Yanzu duk waɗannan za mu bi ɗaya bayan ɗaya muna ce musu sun yi ƙarya?