Bayan Tiransifoma, Kusa da Mai Shayi

A hunturun da ya wuce, wajen ƙarfe biyu na dare, wuta ta tashi a wani gida da ke layi na biyu daga namu. Ihun mata ne ya tashe ni. Kafin in fito matasa sun riga sun jeru da bokitai, wani kuma yana gefe da waya a kunne yana yi wa 'yan kwana-kwana kwatance. Kusa da shi na tsaya, don haka babu abin da ya wuce ni. "Idan kun baro titi ku shigo ta wajen gidan man nan da ya daina aiki. A'a, ba wannan ba, na gaba. Ku miƙe har tiransifoma, sai ku yi dama wajen mai shayi." Mai shayin ya kwashe teburinsa tun sha ɗaya. Tiransifoma kuwa uku gare mu a unguwar. Daga ƙarshe sai da aka tura wani yaro a babur ya je bakin titi ya taro motar ya shigo da ita. Sun yi aikinsu, sun hana wutar tsallakawa maƙwabta, amma ɗakuna biyu sun riga sun tafi. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba.

Washegari a wurin jaje kowa cewa yake motar ta makara. Ni abin da idona ya gani daban ne: motar ta iso bakin unguwa a kan lokaci, gidan ne ta kasa samu. Tsakanin bakin titi da ƙofar gidan nan aka yi asarar mintocin da wuta ta ci abin da ta ci.

Mu Kanawa gwanayen kwatance ne, wannan ba a ja da mu. Ka ce wa ɗan adaidaita sahu Rijiyar Zaki ko Gadon Ƙaya ko 'Yan Lemo, ba zai tambaye ka taswira ba. Sunayen nan bakin jama'a ne ya raɗa su, shi ya sa suka kama. Tal'udu ma, da yaro zai ɗauka sunan wani basarake ne, daga kamfanin gine-gine na Taylor Woodrow ya samo asali, harshenmu ya tauna shi har ya zama namu. To amma wannan gwaninta iyakarta bakin unguwa. Da zarar an shiga ciki sai a koma "gidan Alhaji mai jan get", "layin da ake sayar da awara", "bayan makarantar allo". Wannan ya ishi ɗan unguwa da rana tsaka. Direban motar asibiti da aka turo daga wani sashe na gari cikin dare, ga duhu ga mace tana zubar da jini bayan haihuwa, bai san Alhaji ba, bai san launin get ɗinsa ba, mai awara kuma ta daɗe da shiga barci.

Da can abin bai dame mu ba saboda garin na da iyaka. Cikin badala kowa ya san kowa, zuri'a ɗaya ta shekara ɗari a gida ɗaya, idan ka ce gidan wane a Yakasai ko Ƙoƙi ko Mandawari yaro ma zai kai ka. Yanzu birnin ya ɓalle ya haɗe ƙananan hukumomi takwas: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Mafi yawan sababbin unguwannin awon igiya ne. Dillali ya yanka gona, ya bar ɗan siririn layi, kowa ya gina nasa, maƙwabcinka na dama daga wani gari ya zo, na hagu ɗan haya ne da bai cika wata uku ba. A irin wannan wuri sanin juna da kwatance ke dogara a kansa ya riga ya raunana, ba a kuma kawo komai ya maye gurbinsa ba.

Raɗa wa layuka suna da sanya wa gidaje lamba, aikin wa ne? Mutane da yawa za su ce na gwamna, ko na hukumar tsara birane ta KNUPDA. Kundin tsarin mulki na 1999 bai bar wannan a duhu ba. A Jadawali na Huɗu, inda aka jero ayyukan ƙananan hukumomi, an rubuta raɗa wa hanyoyi da tituna suna da sanya wa gidaje lamba, a jere ɗaya da kula da kasuwanni da tashoshin mota da rajistar haihuwa da mutuwa. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, 44 daga cikinsu a Kano. Kowace ta san hanyar kasuwa, domin akwai rasit da za a yanka. Lambar gida ce dai ba mai tunawa da ita. Shekara da shekaru uzurinsu shi ne jihohi sun riƙe musu kuɗi a asusun haɗaka. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Ko an aiwatar ko ana jan ƙafa, wannan aiki ne da fenti da allon ƙarfe da littafin rajista suka isa a fara shi. Kuɗin rabon kayan azumi na shekara ɗaya zai yi nisa a cikinsa.

Inda ƙaramar hukuma ke tunawa da wannan iko nata shi ne idan attajiri ya zo da buƙatar a sa wa layi sunansa, ko ana so a karrama wani ɗan siyasa. A biya kuɗi, a kafa allo, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Bayan shekara huɗu wata gwamnati ta zo ta cire ta sa nata gwanin. Su kuwa jama'a ba su taɓa sauya bakinsu ba. A Abuja hanyar filin jirgi sunan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa take ɗauke da shi a hukumance, amma direban tasi hanyar filin jirgi ya sani. Wannan babbar hanya ce, ba wanda zai ɓata a kanta. Idan aka yi haka a cikin lungu, inda takardar hukuma ke cewa abu ɗaya mai kiran waya a firgice yana cewa wani, an ƙara rikita lamarin ne kawai.

Shi ya sa nake ganin daga bakin mutane ya kamata a fara. A je unguwa, a zauna da mai unguwa da limamai da dattawa da shugabannin matasa, a tambaye su: wannan layin me kuke ce masa? Idan Layin 'Yan Katako suke cewa, a rubuta Layin 'Yan Katako, ko da katakon ya bar wurin shekara ashirin. Inda aka sami Layin Masallaci guda huɗu a unguwa ɗaya, wanda tabbas za a samu, a bar wa ɗaya, sauran a nemo musu abin da zai bambanta su da yardar mazauna. Lungun da ba shi da suna ko kaɗan a ba shi lamba tukuna, suna ya biyo baya. Maƙwabtanmu na Yamai sun bi irin wannan hanya: titunan da ba su da suna an ba su haruffan farko na unguwa da lamba, shi ya sa za ka ga allo da YN a Yantala. Ba ado a cikinsa, amma bai jira an gama gardamar wane ne ya cancanci a karrama ba.

Sannan allon ya zama da Hausa, da manyan baƙaƙe, da fenti mai ɗaukar haske idan fitilar mota ta haska shi. In da hali a ƙara da ajami a ƙasa, domin akwai dattijon da boko ba ya karantuwa gare shi amma ajami ruwan sha ne. Lambobin gidaje kuma su bi tsari ɗaya: a fara ƙirga daga inda layi ya baro babban titi, mara a hannu ɗaya, cika a ɗaya hannun, a bar gurbi ga filayen da ba a gina ba. Wanda ya taɓa neman gida a inda lamba 14 ke maƙwabtaka da 203 ya san abin da nake nufi. A wurare da dama lambar da ke jikin gida lambar fuloti ce, ko wadda masu wuta suka rubuta, ko ragowar ta masu ƙidayar 2006, kowace da inda ta dosa.

Za a ce ai zamani ya wuce nan, kowa na da waya, a tura wurin da ake ta WhatsApp a huta. Ghana ta gwada babbar sigar wannan. A watan Oktoban 2017 ta ƙaddamar da GhanaPostGPS, wanda ya yanka ƙasar gaba ɗaya zuwa ƙananan murabba'ai na mita biyar-biyar, kowanne da lambarsa, har gidajen zango irin na Nima a Accra. Dabara ce mai kyau, kuma ta fi dacewa da wurin da babu layi miƙaƙƙe. Sai dai ka tuna wa ke gida lokacin da abu ke faruwa. Sau da yawa tsohuwa ce da ƙaramar waya mai tocila, ko yarinya 'yar shekara goma, ko amarya da ba ta fi wata biyu a unguwar ba. Ba data, ba caji, hannu na rawa. Abin da irin wannan mai kira zai iya shi ne ya faɗi abin da ya haddace ko ya karanta abin da ke rubuce a ƙofa. Tauraron ɗan'adam aikin ofishin masu karɓar kira ne: su su riƙe taswira, mu mu riƙe suna da lamba, a haɗa biyun a rajista ɗaya. Lambar gaggawa ta 112 kyauta ce, hukumar sadarwa ta NCC ta gina cibiyoyin karɓar kira a jihohi. Amma idan wanda ya ɗaga wayar a cibiyar shi ma sai ya tambayi "kusa da ina?", kiran kyauta bai rage komai daga tafiyar ba. Rajistar da ta tsaya a durowar sakatariya, ba ta kai hannun 'yan kwana-kwana da motocin asibiti da 'yan sanda ba, ɓarnar takarda ce.

Kada wani ya ce mana ba zai yiwu ba. Mun ga lokacin da hukuma ta so ta sami kowane gida, ta kuma same shi. Masu rigakafin shan inna sun shiga lungun da mota ba ta taɓa shiga ba, gida-gida, suna rubutu da alli a jikin bango, da taswirar kowace mazaɓa a hannu da masu unguwanni a gaba, har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka. Mai kawo takardar kuɗin wuta bai taɓa ɓata ba. Ranar zaɓe 'yan siyasa sun san ƙofar kowace bazawara. Motar kashe gobara ce kaɗai ake bari tana lalube.

Akwai wata gardama da na fi ɗauka da muhimmanci, domin daga bakin mutanen kirki nake jin ta. Talaka idan ya ga ma'aikaci da gwangwanin fenti a ƙofar gidansa, abu biyu ke zuwa masa: haraji ko rusau. Ba kuma wauta ba ce. Kakanninsa an ƙirga su ne don a karɓi kuɗi, har sai da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979. Jan fenti a katanga kuwa kowa ya san abin da ke biyo bayansa. Jadawalin nan na huɗu da na ambata ma, a cikinsa aka ba ƙaramar hukuma ikon kimanta gidaje don karɓar kuɗi. Saboda haka wanda ya ce wa mutane lamba ba ta da alaƙa da haraji har abada, yaudararsu ya yi. Abin da za a iya yi shi ne a raba ayyukan biyu a fili: lamba kyauta ce, ba a neman takardar fili kafin a ba ka, ba ta halatta gini ba ta kuma haramta shi. Gidan awon igiya da gidan GRA duk wuta ɗaya ke cin su. Idan aka fara da cewa kowa ya kawo dubu kaza na allo, aka ba wani ɗan kwangila, to a ranar aikin ya mutu.

Masu cewa lamba za ta nuna wa ɓarayi da masu garkuwa gida, su yi haƙuri, waɗannan ba su taɓa jiran allo ba, da ɗan cikin unguwa suke aiki. Lamba ma sutura ce ta wani ɓangaren. A yanzu kafin baƙo ya sami gidanka sai ya yi ta ambaton sunanka daga majalisa zuwa majalisa, kowa ya san an zo nemanka.

Na sani allo ba zai faɗaɗa lungu ba. Akwai wuraren cikin gari da ko an rubuta suna da zinare motar kashe gobara ba za ta shiga ba, akwai kuma inda mutane suka ci hanya da shago da dakali da soka-awe. Amma a nan ne ma rajista ta fi amfani. Idan an san tun kafin a taso cewa gida mai lamba kaza yana lungun da ba ya ɗaukar babbar mota, an san ta wace kafa za a ɓullo, a ina za a tsaya, mesa nawa za a ɗauko, ko kuwa motar asibiti ta tsaya a bakin titi a shiga da gadon ɗaukar mara lafiya. A yanzu sai an iso ake gano haka, a yi ribas, a zagaya.

Bayan gobarar nan na sami mai unguwarmu na tambaye shi ko ya san adadin gidajen da ke ƙarƙashinsa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, har da na haya." Ya shiga ya ɗauko wani tsohon littafi mai bangon kwali, wanda yake rubuta cinikin gida da fili da ya shaida, layi-layi, da sunan da mutane ke kiran kowane layi. Na ce ranka ya daɗe, an taɓa zuwa daga ƙaramar hukuma an nemi a kwafi wannan? Ya ce sau ɗaya aka zo, lokacin rabon gidan sauro.

Maƙwabcin namu ya gyara ɗakunansa kafin damina, ya sake fenti, ya sauya get. Yanzu baƙi ne, ba ja ba, kuma har yau 'yan unguwa gidan mai jan get suke ce masa.