A yi hattara da kalmar warkewa

Malam marubuci, sannu da ƙoƙari, amma kanun labarin nan da ke cewa an samo maganin sankarar jini ya zarce gaskiya. Hanyar maganin da labarin ke magana a kai, wato CAR-T, tana aiki, babu musu. Likitoci kan ɗebi jinin mara lafiya, su tace ƙwayoyin T na garkuwar jikinsa, a sauya musu halitta a ɗakin gwaji ta yadda za su gane alamar CD19 da ke jikin ƙwayoyin cutar, sannan a mayar da su ta jijiya. Tun 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da wani maganin CAR-T mai suna Kymriah ga yara da matasa masu wani nau'in lukimiya (sankarar jini) da ya ƙi jin magani.

Abin da labarin ya tsallake shi ne wahalar da ke biyo baya. Garkuwar kan harzuƙa, zazzaɓi ya yi tsanani, jini ya sauka, wasu ma hankalinsu ya ruɗe har su kasa rubuta sunansu na ɗan lokaci. Wasu kuma cutar kan dawo musu, domin ƙwayoyin cutar sukan zubar da alamar su ɓuya. Ga tsada, domin kowane mara lafiya nasa ake haɗa masa daban.