Yashin Banza

Fili ne da ke kallon teku, an haƙa tushen gida, an kafa katako ana shirin zuba daɓen kankare. A gefe ga tulin yashi fari tas. Alhaji mai gida yana tsaye a kansa yana murmushi, shi da hannunsa ba ya shiga aljihu sai an kai ruwa rana. Kusa da shi Birkila ne, wanda tun da aka haife shi bai taɓa cewa "ban sani ba". Lebura na zaune a kan baro yana haki.

ALHAJI: Birkila, dubi ikon Allah. Yashi iya ganinka, ruwa kuma ga shi har ya yi yawa, babu mai kawo maka takardar biya. Duk wanda ya yi gini a bakin teku ya sayi yashi, a duba lafiyar kansa.

BIRKILA: Ranka ya daɗe, abin da nake faɗa wa yaron nan ke nan tun asuba. Shekarata talatin a sana'ar nan.

LEBURA: Oga, jiya ashirin ka ce.

BIRKILA: Da dare na sake lissafi. Tashi ka ɗebo ruwa.

(Injiniya ya iso da tef a hannu. Bai ko gama sallama ba idonsa ya faɗa kan tulin.)

INJINIYA: Alhaji, wannan yashin daga ina?

ALHAJI: Daga taskar Ubangiji, Injiniya. Kwanon sarki ɗari biyu, yaron nan ya yi dakonsa.

LEBURA: Ɗari biyu da goma sha ɗaya.

INJINIYA: Samari, ɗan dangwala ka taɓa a harshe.

LEBURA: (ya dangwala, ya yamutse fuska) Yallaɓai, gishiri ne zalla.

INJINIYA: To ka ji. Wannan yashin ba zai shiga kwaɓin nan ba, ruwan tekun ma haka.

ALHAJI: Gishiri kuma laifi ne? Ni a sanina gishiri hana abu lalacewa yake yi.

INJINIYA: Ban da ƙarfe. Bari in yi maka dalla-dalla. Siminti yana da kaifi irin na kanwa. Idan ya rufe rodi, wannan kaifin yakan yi masa wata siririyar riga da ido ba ya gani, ita ke hana shi tsatsa. Gishirin teku kuwa akwai sinadarin kuloraid a cikinsa, aikinsa yaga wannan rigar. Da ta yage, danshi da iska su samu ƙarfe, tsatsa ta kama. Ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, ninkin-ba-ninki. Rodi ya kumbura a ciki, ya rasa inda zai miƙe, sai ya tura kankaren waje.

ALHAJI: Tsaya, tsaya. Rodi ya kumbura? Wato in sayi mai milimita 12, bayan 'yan shekaru ya zama mai 16?

INJINIYA: Alhaji...

ALHAJI: Ai wannan riba ce, Injiniya! Me ya sa ba ka faɗa mini tun farko ba?

INJINIYA: Kumburin ciwo ne, ba ƙiba ba. Da farko za ka ga jan tabo a ƙasa kamar an zubar da rini. Daga nan layin tsaga ya bi sawun rodin. Ƙarshe ɓallin kankare ya ɗago, ka sa yatsa ka murtsuke ƙarfen ya zama gari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to nan ƙadangaren gishiri ne. Ko da yashi mai kyau ka yi aiki, iskar nan da ke kaɗa maka riga tana ɗauke da shi dare da rana. Ana fama da ɓarawon waje, kai kuma kana so ka kwaɓa shi cikin gida da hannunka.

BIRKILA: (ya gyara hula) Yallaɓai, da girmanka, amma ni ma ina sauraron rediyo. Rumawa sun yi gini a cikin teku tsundum, da ruwan tekun ma, shekara dubu biyu ke nan yana nan. Ko ƙarya ne?

INJINIYA: Gaskiya ne, wannan karon rediyonka bai yaudare ka ba. Sun haɗa farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta da suke ɗebowa kusa da Naples a Italiya. Amma tambaya ɗaya: rodi nawa suka sa?

BIRKILA: To... gwargwadon hali.

INJINIYA: Ko ɗaya. Babu ƙarfe a ciki, me tsatsa za ta ci?

ALHAJI: Alhamdu lillahi! An zo wurin. Birkila, a kwashe rodin nan a mayar wa mai shi, a karɓo mini kuɗina.

INJINIYA: Alhaji, nasu gini kauri ne da shi kamar tsauni, naka daɓe santimita 10 ne a kan ƙasa mai rairayi. Kankare gwani ne wajen ɗaukar nauyin da ke danna shi, amma rago ne idan aka ja shi ko aka lanƙwasa. Ƙasa ta ɗan motsa, rodi ne ke riƙe tsagar kada ta buɗe baki.

ALHAJI: To babu ƙarfen da gishiri ke jin kunyarsa?

INJINIYA: Akwai wanda ba ya tsatsa. A garin Progreso na ƙasar Meziko akwai doguwar gadar tashar jiragen ruwa da aka gama a 1941 da irinsa, har yau ana aiki a kanta.

ALHAJI: Shi nake so! Nawa yake?

(Injiniya ya matsa ya raɗa masa a kunne. Alhaji ya nemi wuri ya zauna a kan kwanon sarki, ya cire hula yana fifita.)

ALHAJI: Su mutanen Meziko Allah ya ƙara musu arziki. Mu koma kan namu.

INJINIYA: Namu ma zai yi, in an yi masa sutura. Akwai mai rufin tutiya, akwai mai fenti na musamman, in aljihu ya yarda. In bai yarda ba, rodi na yau da kullum, amma a binne shi da kyau. Inda iskar teku ke dukan kankare, ya zama akwai santimita 5 tsakanin ƙarfe da waje. Inda kankare zai kwanta kai tsaye a kan ƙasa, santimita 7 da rabi. Birkila, ina biskit ɗin da za ka ɗora rodin a kai?

BIRKILA: Waɗannan 'yan gutsattsarin siminti? Ɓata lokaci ne. Ni shimfiɗa rodina nake yi a ƙasa, in ana zuba kwaɓi sai in sa ƙugiya in ɗago shi tsakiya. Hannuna ya san awo.

INJINIYA: Lokacin da kake ɗagowa, a ina kake tsaye?

BIRKILA: A kan rodin mana.

INJINIYA: Wato kana tsaye a kan tabarma kana ɗaga ta.

LEBURA: Shi ya sa kullum bayan aiki Oga ke cewa bayansa na ciwo.

BIRKILA: Kai, wa ya sa da kai?

(A nan Injiniya ya zagaya filin yana dukan ƙasa da dunduniya, ƙafarsa ta nutse har idon sawu. Ya ce a kwashe ƙasar sama mai saiwoyi, a cike kaɗan-kaɗan ana dannewa, a zuba tsakuwa santimita 10, daɓen kuma ya ɗaga sama da filin da ke kewaye, barandar ta ɗan karkata waje kamar santimita 2 a kowace mita don ruwan sama ya san hanyarsa. Alhaji bai yi musu ba, don bai ji an ambaci sayen sabon abu ba. Sai da aka zo kan leda.)

ALHAJI: Leda? A ƙarƙashin gida? Wa zai gan ta?

INJINIYA: Ruwa zai gan ta. A bakin teku in ka haƙa kaɗan ka tarar da shi, kuma yana hawa cikin kankare kamar yadda mai ke hawa lagwani. Leda mai kauri, a haɗa bakinta ya hau juna santimita 15, a liƙe. In ba haka ba, darduma ta yi wari, fenti ya kumbura, tayil ya riƙa ƙara in an taka.

ALHAJI: Akwai ledojin da na tara a gida, na sayayya. Sun kai buhu biyu.

INJINIYA: Ka bar su inda suke, Alhaji. Mu zo kan babbar magana. Birkila, buhu ɗaya ruwa nawa kake zuba masa?

BIRKILA: Sai ya yi gudu da kansa. Kwaɓina in ka juye shi a wannan kusurwa, da ƙafarsa yake zuwa waccan. Ba a wahalar da shebur.

INJINIYA: Abin da nake tsoro ke nan. Buhun siminti kilo 50 ne. Ruwansa a irin wannan wuri kada ya wuce lita 20, har da danshin da ke cikin yashin. Siminti yana shan abin da yake buƙata ne kawai. Ragowar ruwan zai bushe ya fita, duk inda ya bi ya bar 'yar ƙaramar hanya kamar ta gara. Ta nan gishiri zai biyo ya gaida rodi.

BIRKILA: Lita 20? Ai wannan kwaɓin tauri zai yi kamar zuciyar... (ya kalli Alhaji, ya haɗiye sauran)

ALHAJI: Ƙarasa mana.

BIRKILA: Kamar zuciyar dutse, ranka ya daɗe.

INJINIYA: Akwai maganin da ake ɗigawa ya sassauta kwaɓi ba tare da ƙarin ruwa ba. In kuma an samu simintin da aka gauraya da tokar kwal ko dattin narkar ƙarfe, ya fi toshe hanyoyin nan. Sannan a kawo injin girgiza, a riƙa cusa shi yana fitar da iska, don kada a cire katako a ga gefen kamar saƙar zuma.

BIRKILA: Injin girgiza ai ga shi nan. (ya nuna Lebura) In ya shiga da takalmin roba ya yi tsalle uku, ko iskar da ke cikin tsakuwa sai ta fita.

LEBURA: Oga, ni ba a zuba mini fetur, shi ya sa ake so na.

ALHAJI: Ni dai maganar rage ruwa ta yi mini. Injiniya, yau ka faɗi abin da ya shiga kunnena. Daga yanzu ni ne mai gadin durom. Ɗigo ɗaya ba zai fita ba sai na ƙirga.

(Aka yi yadda Injiniya ya ce, da guna-guni dai, amma aka yi. Tifa ta kawo yashin kogi wankakke. Aka fara zubi da sassafe kafin rana da iska su taso su busar da fuskar daɓen ta yi tsaga-tsaga, aka gama a zubi ɗaya. Da yamma Injiniya ya dawo, wani na biye da shi da injin yanka.)

ALHAJI: Wannan kuma me zai yanka?

INJINIYA: Daɓen.

ALHAJI: Daɓen da na biya? Tun shekaranjiya kake tsorata ni da tsaga, yau kai ne ka zo da mai tsagawa?

INJINIYA: Kankare yana tsukewa in yana bushewa, tsagewa kuwa sai ya yi, ko mun so ko mun ƙi. Abin da muke yi nuna masa wuri ne. A ja layi kowace mita 3 ko kusa da haka, zurfinsa kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, wato santimita 2 da rabi a naka. Sai ya tsage a ƙarƙashin layin, a miƙe, mu cike bakin da roba. In muka bari ya kwana biyu, shi zai zaɓi wurinsa, kuma tsakiyar falo yake so.

BIRKILA: Daman abin da nake shirin faɗa ke nan, ka riga ni.

INJINIYA: Madalla. Tun da ka sani, faɗa wa Alhaji abin da ya rage.

BIRKILA: Abin da ya rage... a jera bulo gobe.

INJINIYA: Abin da ya rage ban-ruwa. A rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ko leda, kada fuskarsa ta bushe har kwana 7.

ALHAJI: (ya rungume durom) Ba za a taɓa ba! Da bakinka ka ce ruwa ne abokin gaba. Na hana shi sha da safe, yanzu ka ce in yi masa wanka mako guda?

INJINIYA: Ruwan cikin kwaɓi daban, na bayan zubi daban. Kankare ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce, kuma tana ɗaukar lokaci. Sai a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. In saman ya bushe da wuri, haɗuwar ta tsaya a daidai fatar da muke so ta tare gishiri.

ALHAJI: To ban-ruwan dai a ɗebo na teku, tun da a waje zai tsaya.

INJINIYA, BIRKILA DA LEBURA: A'a!

ALHAJI: Har da kai, Birkila?

BIRKILA: Ranka ya daɗe, shekarata arba'in a sana'ar nan, ban taɓa yarda a sa ruwan teku a gini ba.

(Lebura ya buɗe baki, ya tuna ba a biya shi ba tukuna, ya rufe. Alhaji ya juya ya daɗe yana kallon tulin farin yashin nan da ba a taɓa ko kwano ɗaya ba.)

ALHAJI: Injiniya, ko bulon katanga ba za a buga da shi ba?

INJINIYA: Sai dai in kana son katanga mai fitar da farin gari.

ALHAJI: Yaro, ɗauko kwanon sarki ka mayar da shi inda ka ɗebo.

LEBURA: Duka ɗari biyu da goma sha ɗayan, Alhaji? Wa zai biya dakon zuwa da na komawa?

ALHAJI: In ka isa ka tambayi tekun. Kayanta ne.