Ku daina wanke Sarki Huizong, don Allah

Tun jiya nake ganin ana yawo da zanen gaurakin nan ashirin a saman ƙofar fada, wanda aka ce Huizong, wani tsohon sarkin China, ne ya zana, kowa na rubuta "Allah sarki, mai fasaha ne, fadawa ne suka cuce shi." Haba jama'a! Wannan tsohuwar waƙar ce dai, sarki ba ya laifi sai fadawa.

To wa ya naɗa fadawan? Cai Jing daga sama ya faɗo? Sau huɗu yana hawa kujerar waziri, a sauke shi, a sake kiransa. Shi ya naɗa kansa? Tong Guan da aka damƙa wa runduna, aljanu ne suka ba shi?

Huizong ya hau gadon daular Song a 1100, ya gaji ƙasa mai arziki na ban mamaki. Sai ya ce shi duwatsu yake so. Duwatsu fa! A haƙo su daga Tafkin Tai, a loda wa jiragen ruwa har Kaifeng, babban birninsa, in dutse ya fi ƙarfin gada a rushe gadar, duk don ƙawata lambun mai martaba. Talakawan kudu suka gaji, Fang La ya yi tawaye a 1120. Wannan ma fadawa ne ko?

Sannan ya haɗa kai da Jurchen, wata ƙabila ta arewa, don a kawar da daular Liao, wadda ita ce katanga tsakaninsa da su. Da suka juyo kansa, me jarumin naku ya yi? Ya ɗora wa ɗansa Qinzong rawani a 1126, ya tsere kudu. Wani zai ce ai ya dawo. Eh, da ƙura ta lafa.

Kaifeng ta faɗi a 1127. Aka tisa ƙeyarsa da ɗansa da matan fada zuwa arewa, ya mutu a hannun maƙiya a 1135. Wallahi matan nan nake tausayi, da masu jan jiragen dutse. Su ba wanda ke yawo da hotonsu.

Af, ashe har littafi Huizong ya rubuta kan shayi, yadda ake kaɗa shi ya yi kumfa. Wannan kam zan so mai shayin layinmu ya karanta, don abin da ya zuba min da safen nan ruwan zafi ne kawai.