Abincin Japanawa da tsawon rai: ana ɓoye mana rabin labarin

Jama'a, kullum sai an yaɗa hoton wata tsohuwar Japan mai shekara ɗari tana aiki a lambu, a ƙasa a rubuta wai sirrin yana cikin abincin kaka da kakanni. Ni kam rabin zancen kawai na yarda da shi.

Gaskiya ne Japanawa suna daɗewa a duniya. Matansu kan kai kimanin shekara 87, maza 81. Kuma akwai bincike mai ƙwari a kai: a 2016 mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa sakamakon bin diddigin mutum kusan 80,000 na tsawon shekara 15. Waɗanda abincinsu ya fi dacewa da tsarin cin abincin da gwamnatin ƙasar ta fitar a 2005, haɗarin mutuwarsu a cikin wannan lokaci ya ragu da kashi 15 cikin ɗari, musamman ta fuskar shanyewar ɓarin jiki. A 2020 ma mujallar ta kawo wani da ya nuna raguwar kusan kashi 10 ga masu yawan cin waken suya da aka ruɓar, irin su miso da natto. Shi natto ɗin nan ɗan'uwan daddawarmu ne, har warin ma, sai dai su a kan shinkafa suke ɗora shi da safe su ci abinsu.

To amma a 1947, lokacin da abincin nasu ya fi zama na gargajiya tsantsa, namiji a Japan shekara 50 yake sa ran yi. Talauci da tarin fuka da mutuwar jarirai sun taka rawa, ba musu. Sai dai shi kansa kwanon yana da laifi: tulin farar shinkafa, miyar miso mai gishiri, kayan lambun da aka jiƙa a gishiri, kifin da aka busar da gishiri. A arewa maso gabashin ƙasar, irin su Akita, mutum kan ci fiye da giram 20 na gishiri a rana. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suka yi ta ɗibar mutane, ga ciwon dajin tumbi da har yau bai bar su ba.

Gyara suka yi. A lardin Nagano, tun wajajen shekarun 1960 mata 'yan sa-kai suka riƙa bi gida-gida suna wa'azin rage gishiri, har da auna na cikin miyar mutane. Lardin da ya yi ƙaurin suna wajen shanyewar ɓarin jiki, a 2010 shi ne na ɗaya a tsawon rai, maza da mata. Firji ya shiga gidaje, aka rage dogaro da gishiri wajen adana abinci. Madara ta shiga abincin makaranta. Inshorar lafiya ta game kowa tun 1961. Shi ma tsarin 2005 da aka yi binciken a kansa ya ƙunshi madara da 'ya'yan itace da nama daidai gwargwado, abin da manomin zamanin da bai cika samu ba.

Don haka abin da nake yaba wa shi ne kifi, wake, ganye, koren shayi da ƙaramin kwano, ba tsufan girkin ba. Kuma irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, domin mai kula da cikinsa sau da yawa shi ne mai zuwa asibiti a duba shi.

Har gobe ma ba su gama da gishirin ba. Suna cin kusan giram 10 a rana, ninki biyu na giram 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a kai.