Yadda na ciyar da layinmu data ban sani ba

Ni fa a gidanmu ni ake ɗauka injiniya, ba wai don na karanta abun ba, kawai wata rana rimot ɗin talabijin ya ƙi aiki na juya batir ɗin ya kama, shikenan tun daga ranar duk abinda ya lalace ni ake kira, ni kuma kai ya kumbura har na fara yarda da kaina.

Gidanmu a Badarawa cikin Kaduna yake, irin tsohon ginin nan mai bulo inci tara da aka ɗura wa siminti kamar mai gidan yana jiran yaƙi. Muna da wani ɗan akwatin intanet mai cin sim da muke ajiyewa a tagar falo, don nan kaɗai yake kama sabis da kyau, amma wayifai ɗinsa ko ƙofar falon baya wucewa da mutunci. Ka shiga ɗaki kara ɗaya, ka leƙa sashen Hajiya mahaifiyata kuwa ko ƙamshinsa babu. Uwargida tana sayar da atamfa da leshi a WhatsApp, kullum sai ka ganta a bakin ƙofa ta ɗaga waya sama kamar mai duban watan sallah. Nace wannan abun kunya ne a gidan injiniya.

Ranar wata Asabar na hau keke na sauka Ahmadu Bello Way wajen masu kayan kwamfuta. Yaron shagon na ganina yace "Alhaji bismillah", ni da ko filin jirgi ban taɓa raka wani ba, daga nan nasan kuɗi ya ƙaru. Ya ɗauko min wani baƙin akwati mai ƙaho huɗu yace "Alhaji wannan duwal ban ne, hanya biyu gare shi, ko gidan sama ne zai cika maka shi." Na gyaɗa kai irin na masana. A raina kuwa abinda na fahimta shine sim biyu yake ci, in wannan layin ya ƙi wancan ya kama, kuma girman kai ya hana ni tambaya. Na biya kuɗin da har yau uwargida rabinsa ta sani.

Da na dawo gida na baje shi a tsakiyar falo yara suka zagaye ni. Na juya shi gaba na juya shi baya ina neman ramin sim, na haska da tocilan waya, har ƙaho ɗaya na kwance ko a ciki suka ɓoye. Kusan rabin awa. Uwargida ta leƙo daga kicin tace "Baban yara, ko dai gizo-gizon roba aka sayar maka?" Ban kula ta ba. Na fita waje inda ba mai ji na kira ƙanina dake karatu a Zariya, saida ya gama dariyarsa tas sannan yace "Yaya ai wannan baya cin sim, akses poyin ne, shi baya kawo intanet daga ko'ina, tsohon akwatinka shine tanki, wannan famfo ne kawai, sai ka ja kebul daga bayan wancan zuwa wannan." Washegari na koma na sayo kebul mita 20, na bi saman ƙofa da ƙananan ƙusoshi har barandar tsakiya, na ɗora sabon akwatin akan kujera 'yar tsugunno kusa da sashen Hajiya.

Sai saiti. A ƙarƙashin akwatin an rubuta 192.168.0.1 da admin admin, na buga a waya shafi ya buɗe, nace yauwa aiki ya zo hannun masu shi. Na canza suna, na zo fasuwod na sa 1234 ya ƙi, wai sai aƙalla harafi 8, na haɗa wani dogon abu da manyan baƙaƙe da ƙanana wanda ni kaina ban sake tuna shi ba, na danna. Nan take kowa a gidan ya faɗo daga intanet. Uwargida tana tsakiyar ciniki da wata kwastoma a Kawo, yara suna kallon katun, sai ihu ta ko'ina. Ashe akwatunan biyu adireshinsu ɗaya ne, ni kuma wayata na haɗe da tsohon, wato lafiyayyen na je na yiwa tiyata na bar mara lafiyan yana kallona da fitilunsa. Ƙarshe da tsinken sakace na zura a ɗan ramin nan na bayan tsohon akwatin na danne kamar daƙiƙa goma ya koma yadda ya fito daga kamfani. Ƙanina ya bi dani a waya kamar mai koyawa yaro alif ba: cire kebul ɗin tukunna, haɗa da sabon shi kaɗai, zaɓi yanayin akses poyin don tsohon ya ci gaba da rabawa wayoyi adireshi su daina rigima, sannan ka mayar da kebul. Ya kama.

Sai naga suna biyu sun fito a waya, Gidan Injiniya da kuma Gidan Injiniya_5G. Anan ne na gane hanya biyun da yaron shago yake nufi. Ɗaya 2.4 GHz ɗaya 5 GHz. Yadda ƙanina ya kwatanta min, 2.4 keke napep ne, ba lungun da baya shiga, yana ratsa bango yaje nesa, amma hanyarsa cunkoso ce don akwatunan maƙwabta da bulutut da har na'urar ɗumama abinci duk nan suke bi, kuma layuka uku ne kacal basa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Shi kuwa 5 jirgin ƙasan Rigasa ne, gudu kamar me, hanya fetal, amma bazai kai ka ƙofar gida ba, bango biyu ya isa ya kashe masa gwiwa. Na tsaya kusa da akwatin na gwada na 5 ɗin, bidiyo ya buɗe ko juyawa baiyi ba. Na zagaya tsakar gida hannu a baya ina jiran a yaba min.

Yabon da na samu shine ƙaramin ɗana ya ruga sashen kakarsa da gudu yana cewa Baba ya kawo 5G gida.

Hajiya ta fito da carbi a hannu. Ni ɗan fari ne bata kiran sunana, "kai" kawai take cewa, amma akwai "kai" ɗin da in ta faɗa nasan yau akwai magana. Tace "Kai, abinda akace shi ya kawo korona shi ka rasa inda zaka ajiye sai ƙofar ɗakina?" Na durƙusa na fara bayani, nace Hajiya wancan zancen ma ƙarya ce aka yi ta yaɗawa a 2020, cuta bata bin iska ta waya, kuma 5G ɗin waya sai 2022 aka fara sayar dashi a Najeriya bayan korona ta gama zagaye gari, sannan ma wannan ba shi bane sam, wancan G ɗin na zamani na biyar ne na layin waya, wannan kuma gigahaz ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ta saurare ni har na gama tace "Duk dai G ce." Ta koma ɗaki.

Na ɗauka magana ta wuce. Sai aka fara wani abun mamaki, kullum bayan isha'i sabis sai ya mutu murus a ɗakuna, da safe kuma ya dawo garau. Dare uku ina fama, na kashe na kunna, na canza layi daga 6 zuwa 11, na kira masu kula da kwastoma na kamfanin layin na zazzage wa wata baiwar Allah faɗa tana bani haƙuri tana cewa daga wajensu komai lafiya, nace ai kullum haka kuke cewa. Allah ya yafe min. A dare na huɗu na fito da tocila zan sake danna tsinke, sai na tarar da babbar tukunyar alminiyam ɗin da ake dafa shinkafar suna a kife a barandar, an ɗora mata dutsen niƙa a kai. Na ɗaga, ga akwatina a ciki ya ɗau zafi kamar gurasa, ƙahonnin a lanƙwashe. Hajiya ce take kife shi kafin ta kwanta, da asuba in ta fito alwala ta buɗe. Kuma wallahi ta fi ni injiniyanci, don ƙarfe yana tare wayifai fiye da kowane bango, da bargo ta rufa da ba abinda zai faru.

Gardama da uwa ba riba. Na shiga saiti na canza sunayen, 2.4 ya koma Na Nesa, 5 ya koma Na Kusa, na samo tsani na kafe akwatin can sama jikin bango inda tukunya bata kaiwa, wanda dama nan ya kamata ya zauna tun farko. Na kai mata wayata nace Hajiya duba da kanki, babu 5G. Bance na cire ba, nace babu a rubuce, malamai su duba min wannan. Ta sa min albarka. Na haɗa mata wayarta da Na Nesa, wayar tsohuwa ce dama ko ganin na 5 ɗin bata yi, ta fara sauraron tafsirin da 'yan uwanta ke turo mata daga kan gadonta, gida ya zauna lafiya.

Kwana shida data ɗin wata guda ta ƙare.

Na zargi uwargida da bidiyon leshi, ta zarge ni da kallon ƙwallo, muka haɗu muka zargi yara. Na sake sayen wata, kwana biyar ta tafi. Sai na tuna akwai shafin da ke nuna wayoyin da suke haɗe, na buɗe na fara ƙirgawa, 23. Gidanmu duka har da talabijin na'ura 7 ce. Kuma duk baƙin nan akan Na Nesa suke, ko ɗaya babu akan Na Kusa, wato mutanen suna bayan katanga.

Sai abubuwa suka fara dawo min. Kusan sati biyu kenan majalisar samarin layinmu ta tashi daga teburin mai shayi ta dawo jikin katangarmu, har benci suka jawo. Ni a zatona inuwar dogon yaron ƙofar gida suke bi, ban taɓa tambayar kaina wace inuwa ake nema ƙarfe goma na dare ba. In na dawo daga aiki duk su miƙe, "sannu da zuwa Baba, Allah ya ƙara arziki, Allah ya ƙara buɗi", wani har ya karɓi ledar hannuna. Har na faɗawa uwargida cewa yaran yanzu sun fara hankali. Ashe addu'ar ta data ce.

Na canza fasuwod, na sa mai wuya, na shigar wa kowa da hannuna ban faɗawa ko uwargida ba. Bayan kwana biyu na duba, 19. Nan fa na fara tunanin ko cikin yaran akwai ɗan damfarar intanet, har ina shirin zuwa wajen mai unguwa. Da yamma ina alwala a tsakar gida sai na hango babban ɗana, ɗan shekara 11, ya zari wayar uwarsa ya leƙa ƙofa, na bi shi a hankali. Ya buɗe wajen wayifai ya danna wani abu sai ga ɗan hoton nan mai ɗigo-ɗigo ya fito, samari sun yi layi kowa na haskawa da kyamarar wayarsa yana wucewa kamar masu karɓar katin zaɓe. Ashe tun Android 10 waya tana iya raba wayifai ta wannan hoton, ba sai kowa ya san fasuwod ba. Na damƙe shi nace nawa suke baka? Yace awara ce ta hamsin, wani lokacin da yaji. Data ta dubban nairori, awarar hamsin. Abinda ya fi bani haushi ma rashin iya cinikin.

Cikin fushi na shiga na kashe 2.4 ɗin gaba ɗaya, nace kowa ya koma jirgin ƙasa, wanda ke bayan katanga ya ci kansa. Na leƙa ta taga ina kallo, cikin minti goma sai ɗaga waya sama ake yi ana juyawa, can sai ga benci ya koma wajen mai shayi. Naji daɗi sosai, na kwanta ina murmushi.

Da asuba ko sallama ban gama ba naji "Kai." Hajiya ce tsaye da waya, tafsiri ya tsaya tun daren jiya, talabijin ɗin falo ma ashe 2.4 kaɗai ya sani, shima ya mutu. Na fara kame-kame ina cewa ai wani ɓangare na kashe saboda ɓarayi. Tace "Ni ban san ɓangare ba. In ma wancan na koronar ne yake kawo min karatun, ka mayar dashi." Uwargida tana bayanta ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa.

Na mayar. Amma wannan karon na rage ƙarfinsa zuwa matsakaici yadda zai kai gadon Hajiya ya gaji kafin katanga, na kuma yi rajistar na'urorin gida bakwai nace banda su kar ya karɓi kowa ko da hoto ko da wasiƙa. Yaron kuma an yanke masa hukuncin wanke tukunyar alminiyam ɗin nan har sati biyu.

Bayan kwana uku na tsaya sayen burodi wajen mai shayi, majalisa ta yi tsit ba mai miƙewa, ba Allah ya ƙara arziki ba komai. Mai shayin yana yanka min burodi ya sunkuyo ya rage murya yace "Oga lafiya dai ko gidan? Naga kwana biyu sabis ɗinku ba ƙarfi, in mai gyara kuke nema akwai wani yarona a Unguwar Dosa."