Gyaran Gusau da waɗanda gyaran yake turawa bayan gari

Duk wanda ya san Gusau shekaru goma da suka wuce, ya kuma zaga ta yanzu, zai shaida cewa garin yana sake kama: kwalta ta shiga titunan da a da sai ƙura da kwata, benaye da jerin shaguna kuma suna ta tashi a inda gidajen ƙasa suke. Ina cikin masu murna, domin tun da aka ɓalle Jihar Zamfara daga Sakkwato a 1996 ake yi mana gorin cewa babban birninmu bai fi hedikwatar ƙaramar hukuma ba. Damuwata ita ce, mutanen da suka sha sauro da ambaliyar unguwa shekara da shekaru, da yawansu ba su ne za su ci moriyar gyaranta ba.

A Legas da ƙarfi aka yi. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta rushe unguwar Maroko, aka kori mutum kusan 300,000, yau kuma wurin yana cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan. Namu salon ba ya bukatar katafila, dillali ya isa. Da zarar kwalta ta ratsa layi, sai ka ga dillalai sun fara sintiri suna tambayar gidan gado. Magada goma ne a kan gida ɗaya, bakwai suna son kuɗi a hannu, mai saye kuma ya zo da tayin da ba su taɓa ji ba. A fiƙihun Malikiyya, wanda yake da rabo a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato shi ya fi cancantar sayen rabon abokin tarayyarsa kafin bare. To amma da wane kuɗi tela ko mai sayar da itace zai yi shuf'ar? Haka za a sayar, dillali ya karɓi la'adarsa, kowa ya tashi da abin da ba zai saya masa ko ɗaki ɗaya a unguwar da aka binne cibiyarsa ba.

Magajin ma da sauƙi, tunda ya riƙe wani abu. Ɗan haya kuwa, wa'adin tashi kawai ake ba shi. Ko da gwamnati ce ta karɓi wuri don aikin jama'a, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 a kan gini da amfanin gona take ɗora diyya, wanda ya shekara ashirin yana biyan haya yawanci ba ya cikin lissafi.

Abin da ba a sanyawa a ciniki shi ne unguwar kanta. Matar da take soya ƙuli-ƙuli a cikin gida ba ta da shago, jarinta shi ne maƙwabtan da suka san hannunta da matan layin da suke zubin adashi tare. Mai shagon bakin layi yana ba magidanci bashin kwanon masara zuwa ƙarshen wata ne saboda ya san mahaifinsa. Zauren da almajirai suke karatu, wanda nan ne ake zaman makoki da sasanta ma'aurata, idan ya koma katanga mai ƙofar ƙarfe da maigadi, shi ke nan. Ba na zargin sabon mai gida, da kuɗinsa ya saya, sau da yawa ma shi kansa rashin tsaro ne ya koro shi daga Maru ko Zurmi ko Tsafe.

Nan ne lamarin Zamfara ya bambanta da na sauran wurare. A wasu biranen, wanda aka tura bayan gari kuɗin kabu-kabu ne yake cinye shi, musamman tun cire tallafin mai a 2023. A nan kuwa, bayan gari shi ne inda 'yan bindiga suke iya isa cikin dare. Ba mu manta da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a Sabon Gida, can bayan gari kusa da jami'ar, a watan Satumban 2023 ba. Ke nan fili mai araha araharsa tana da dalili, kuma talakan da tsadar haya ta fitar daga tsakiyar gari can yake komawa da iyalinsa, a daidai lokacin da mutanen ƙauye suke gudowa ciki.

Ban ce a daina gyara ba. Abin da nake roƙo shi ne, kafin a fara aiki a kowace unguwa, a zauna da mai unguwa a rubuta sunayen 'yan haya kamar yadda ake rubuta na masu gida. A kuma ware filaye masu sauƙin kuɗi a wuraren da tsaro da ruwan sha suka riga suka isa, sannan malamanmu da alƙalai su riƙa ba magajin da yake son zama a gidan mahaifinsa lokacin da zai biya 'yan'uwansa kaɗan-kaɗan, idan sun yarda, maimakon a gaggauta kiran dillali tun ba a share makoki ba.